Ranar da Inna ta juya wa rakoda baya

Yanzu nakan manta inda na ajiye carbina alhali yana wuyana, amma yinin da muka yi muna fama da Inna da rakoda a gidanmu na Garwa ba zai taɓa fita daga raina ba. Duk lokacin da na ga jikokina sun kanga waya a baki suna ta zuba, su danna su aika wa wanda ke wata ƙasa, sai in yi dariya ni kaɗai, su ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garin namu, jirgin ƙasa bai daɗe da fara isowa Ngaundare ba. Mu uku ne a wurin Inna: Hamma, wato babban wanmu kamar yadda muke kira a can, sai Yaya mai bi masa, sai ni auta. Babanmu Bahaushe ne, jikan fataken goro. Inna kuwa Bafulatana ce, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ta wuce ta kowa a unguwa. Ba ta kiran sunan Hamma, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana so ya ci abinci sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan tuwo na hucewa." Mun tashi mun tarar da abin haka, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Sai ranar da Hamma ya ƙi zaman shago, magana ta yi zafi tsakaninsa da Baba, har ya mayar masa da amsa. Baba ya nuna masa ƙofa. Inna na tsaye a bakin madafa da muciya a hannu. Hamma ya dube ta, ita kuma ta dubi ƙasa, don uwa ba ta shiga wa ɗan fari a gaban mutane. Ya ɗauki jakarsa ya tafi birnin Duwala, can bakin teku. Shekaru suka shuɗe, Baba ya rasu ba su shirya ba, Hamma bai ko zo gaisuwa ba.

Muna da maƙwabci direban babbar mota, Kirista ne daga duwatsun Poli, mutumin kirki mai Hausar kasuwa, wanda kan kai kaya har Duwala. Shi ke kai gaisuwarmu ya kawo ta Hamma. A wannan karon ya dawo da fuska ba daɗi, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Mama, ɗanka ya samu wuri a jirgin ruwa, zai wuce Gabon, ya ce ba dawowa. Ya ce kullum 'Inna ta ce, Inna ta ce', shi bai taɓa ji ta ce ba. In kin yafe shi, ya ji da kunnensa. In bai ji ba, ya tafi." Ya ƙara da cewa motarsa za ta juya washegari bayan la'asar, kuma in ba a wannan tafiyar ba, ba zai sake tarar da Hamma ba.

Ni a lokacin na zo ganin gida da ɗana na fari, wanda ya fara rarrafe, komai ya gani sai ya kai baki. An sa masa sunan Baba, don haka Inna ba ta kiransa da komai sai Maigida, tana yi masa tsiya irin ta kaka da jika.

Yaya shi ya ce a bar masa komai. Yana da rumfar gyaran rediyo a kasuwa, ya taɓa ɗan zama a makarantar boko, ya kuma taɓa riƙe wa wasu ma'aikatan ɗaukar murya waya sau ɗaya a wani biki, tun daga nan bai sake yarda akwai wanda ya fi shi sanin sauti a ƙasar nan ba. Washegari da hantsi sai ga shi da rakoda a kafaɗa, mu manyeto muke ce mata, da kaset sabo a leda, da sababbin batura, da makirfo mai doguwar waya da ya naɗe a hankici kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ya fara da tsakar gida. Ya tsaya ya rufe ido ya karkata kai, sannan ya ce bai yi ba: ga kaji, ga dakan maƙwabta, ga iska na kaɗa ganyen dalbejiya. Muka shiga ɗakin Inna. Ya tafa hannu sau ɗaya, sai jeren kwanukanta da tasoshinta suka amsa masa da wani siririn amo. Ya ce wannan ma annoba ce. Ya kwaso duk barguna da zannuwan gadon gidan ya lulluɓe jeren, ya toshe taga da filo, ya cire safarsa ɗaya ya sa wa makirfo don kada numfashi ya buge shi. Sannan ya juyo ya nuna ɗana da yatsa ya ce, "Wannan shi ne babban abokin gaba. A fitar da shi." Raina bai so ba, amma ni ma sabuwar shiga ce a kunyar ɗan fari, ba dama in nuna a gaban Inna. Na miƙa shi wurin matar direba ina wani basarwa, kai ka ce ɗan wani ne.

Ya rufe ƙofa. Wanda ya san zafin Garwa ya san abin da ake nufi da rufe ƙofa da taga a ɗakin kwano da rana. Kafin a fara komai gumi ya jiƙa mu. Yaya ya durƙusa gaban rakoda, ya danna maɓallai biyu tare, ya ce, "Ese, ese. An, de, turwa." Wato gwaji yake yi da Faransanci, don a ganinsa na'urar ba ta saba da Hausa ba tukuna. Ya mayar ya saurara, ya murɗa wani abu, ya sake. Ya nuna mana wata 'yar allura a cikin gilashi, ya ce ita ce alƙali: in ta kwanta murya ta yi ƙasa, in ta shiga wurin ja murya ta fashe, a tsakiya ake son ta. Ya auna taƙi ɗaya da hannunsa daga bakin Inna, ya tsayar da makirfo a nan.

"Inna, yanzu gwaji ne kawai. Ki faɗi ko me kika ga dama."

"Ko me?"

"Ko me, Inna."

Ai kuwa ya jawo wa kansa. Ta fara da bargunanta da ya ja a ƙasa, ta gangaro kan wandonsa mai faɗin ƙafa da ta ce yana taya ta sharar tsakar gida, ta hau kan sumar da ya tara, ta sauka a kan cewa sa'anninsa duk sun yi aure shi yana nan yana sa wa ƙarfe safa. Yaya ko a jikinsa. Idonsa na kan allura, yana gyaɗa kai yana murmushi, yana cewa, "Madalla! Ci gaba, Inna, daidai take zuwa."

Da ya mayar ya kunna, Inna ta zabura ta ja da baya. Ta saurara da baki buɗe, sannan ta ce, "Wace ce wannan mai faɗa haka?" Muka ce ita ce. Ta ce atafau ba ita ba ce, ita muryarta ba ta da kaushi haka. Ta ƙara saurare kaɗan ta ce, "Ko wace ce dai, gaskiya take faɗa." Na yi dariya har na riƙe ciki, na ce a raina ashe aikin mai sauƙi ne.

Yaya ya mayar da kaset farko, ya gyara zama ya ce, "To Inna, yanzu na gaske. Wannan Hamma ne ke saurare."

Ta dubi makirfon nan mai safa. Ta ce, "Yana ji?"

"Zai ji, Inna. Duk abin da ya shiga nan, kunnensa zai shiga."

Sai kawai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya masa baya. A wurinta an gama magana: tunda abin nan kunnen ɗan fari ne, to ɗan fari ne ke zaune a gabanta. Yaya ya ɗauki makirfo ya zagayo ta gabanta, ta sake juyawa. Ya sake zagayowa, ta sake juyawa. Haka suka yi ta kewaya a kan tabarma, shi da gwiwa ita da zaune, har waya ta naɗe ta a ƙugu sai da na zo na warware. Allura kuwa na kwance abinta.

Ya ce ba komai, ilimi ya tanadi maganin wannan. Ya ajiye makirfo a bayanta, ya murɗa ƙarfin ɗauka har ƙarshe, wai ko raɗa ta yi zai kama. Muka yi tsit. Da aka kunna ba abin da ya fito sai wani shuuu kamar ana zuba gero a buhu. Ya ce to bari a bar wa na'ura ta zaɓa da kanta, ya tura wani ɗan maɓalli da ya kira otomatik. Abin da bai gaya mana ba, ita wannan otomatik in ta rasa murya a kusa, fita take yi nema. Da ya kunna muka ji kwanon rufi na ƙas-ƙas saboda rana, muka ji zakaran gidan liman, muka ji wata maƙwabciya tana ciniki da mai nono da Fulatanci tana rantsuwa an tsarma shi da ruwa. Can kuma sai wani dogon ƙugi ya taso, ya yi sama ya sauko. Yaya ya ce wataƙila motar direba ce. Inna, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Cikinka ne. Tun safe ba ka karya ba."

Azahar ta yi, muka yi salla muka dawo. Yaya ya kawo dabarar in zauna kusa da ita ta yi mini raɗa, shi kuma ya ɓoye makirfo a cikin mayafina. Ta ga waya ta fito ta ƙarƙashin hammatana, ta dube ni ta dube shi. Abin da muka samu a wannan zagayen, bayan doguwar lallaba, shi ne ta dubi bango ta ce, "A gai da mutanen Duwala." Shi ke nan. Yaya ya ce sautin ya fita tsaf, amma shi kansa ya san ba wanda zai fasa shiga jirgi saboda an gai da mutanen Duwala. Har ya ce ko ni in kwaikwayi muryarta. Ta ce in muka kuskura, daga ni har shi sai mun bar mata gida.

A nan dariya ta ƙare mini. Tsoro ya kama ni, kuma ba zan ɓoye ba, haushinta na ji. Na ce, "Inna, tafiya fa zai yi. Ba za ki sake ganinsa ba." Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Muryarta ba ta ko girgiza ba. Amma da na dubi hannunta, sai na ga tana ta tsinke bakin tabarma, har ta yi mata ɓarakar da tafin hannu zai shiga. Tabarmar da ko mu ba ta yarda mu taka da takalmi.

Aka kira la'asar. Muna sallamewa direba ya danna ham a ƙofar gida. Matarsa ta shigo da ɗana yana tsala kuka, ta ce ta yi rawa ta yi waƙa ya ƙi. Yaya ya riga ya sare. Ya buɗe ƙofa, ya cire filo daga taga, ya yar da makirfo a kan tabarma, ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Inna ta miƙa hannu ta ce, "Kawo mini Maigida." Ta ɗora shi a cinya tana jijjiga shi. Yana yin shiru ya hango abin nan mai safa, ya miƙa hannu ya cafke, ya rungume shi a ƙirji ya fara tsotsar gefen safar.

Inna ta sunkuya a kansa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan, ba ta ɗago ba, ta ce da Yaya, "Kai mai ƙarfe. Gwajin nan naka, ya ƙare ne?"

Yaya ya ɗago kai a hankali. Allah ya sa a ranar kansa ya kawo wuta. Ya ce, "Da saura, Inna. Akwai gwaji ɗaya da ban yi ba."

"To, tunda gwaji ne."

Ya miƙa yatsu biyu ya danna maɓallan a hankali, ya mayar da otomatik ɗinsa inda ya ɗauko ta. Inna ta kama ƙafar jaririn tana wasa da ita ta fara:

"Maigida, har wannan ma sai ka ƙwace? Da ma haka kake, komai sai yadda ka ce. Ka kori yaro da rana tsaka, ka je ka yi kwanciyarka, ka bar ni da kallon ƙofa. Kana tsammani don ban yi magana ba, ba ni da abin faɗa ne? Ranar da ya fita, tuwon da nake tuƙawa ƙonewa ya yi, ka ci ka yi shiru, don ka san dalili. Ni ban riƙe shi da komai ba. Abin yafewa ma babu, amma tunda yafewa yake so ya ji, na yafe, duniya da lahira. Kai ma ka yafe, da bakinka ka gaya mini kana kwance, ni ce na kasa aikawa. To yanzu ka gaya masa. Ka ce ɗakinsa duk Juma'a ina share shi. Ka ce ya bar zancen jirgin ruwan nan. Ya zo gida tun idona na gani."

Ban taɓa jin Inna ta yi magana da irin wannan muryar ba, kafin ranar ko bayanta. Ina kuka ina toshe baki da mayafi don kada in ɓata wa Yaya aiki. Shi kuwa hawaye na zuba masa, amma idonsa bai bar kan allura ba. Ta tsaya a tsakiya cak, inda ya yini yana roƙon ta tsaya.

Inna ta share bakin jaririn da gefen zane, ta ce, "Allurar taka ta shiga jan?"

"Ba ta shiga ba, Inna."

"To kashe abinka, kada batir ya ƙare a banza."

Yaya ya so ya mayar ya saurara a nan take, ta ce in ya kunna a gabanta sai ta jefa rakodar a rijiya. A zaure ya saurara, shi da direba, kunne manne da na'ura. Ya fito yana bayani wai bai taɓa samun sauti mai tsafta haka ba: da ta sunkuya, bakinta ya zo taƙi ɗaya daidai, jikin yaro da zanenta kuma sun shanye amon ɗaki. Aibi ɗaya ne, ana ɗan jin tsotsar safa. Har ya fara cewa da za a sake ɗauka sau ɗaya, direba ya fizge kaset ɗin ya ce, "Kai, bari! Wannan ba zai shiga cikin kaya ba, aljihuna zai zauna har Duwala."

Da direba ya juyo daga Duwala, a motar nan Hamma ya dawo. Ya rame, ya yi baƙi, furfura ta fara fito masa. Ya shigo ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna, kaset ɗin na leƙowa daga aljihun rigarsa, ya gaishe ta. Ni na ɗauka yau dai za a karya doka. Ina! Inna ta juya fuska ga bango, ta gyara wa jikanta zama a cinya ta ce, "Maigida, ka gaya wa baƙonka akwai fura a ɗakinsa." Hamma ya yi dariya yana share ido, ya ce, "Maigida, ka ce mata na ji." Furar kuwa tun ranar da motar ta tashi take dama ta kowace rana ta ajiye, in yamma ta yi Yaya ya shanye.

Har Inna ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba, shi kuma bai sake neman ta kira ba. Yaya ya ci gaba da ba da labarin a rumfarsa, sai dai a nasa labarin shi ya tsara komai tun farko, har da jaririn.

Abin da ranar ta koya mini, shirun mutum ba ya nufin zuciyarsa babu komai, wani lokaci wurin da zai iya fuskanta ya yi maganar ne bai samu ba. Amma na kuma ga abin da shiru ya kusa jawo mana. Yaron nan da ya tsotsi safa yanzu shi ma ya yi furfura, kuma har yau ban taɓa kiran sunansa ba, saboda a haka aka rene ni. Sai dai ban bar shi yana zato ba. Duk abin da ke raina game da shi nakan ɗauki ƙaramin ɗansa in ɗora a cinya in faɗa masa, da ƙarfi, lokacin da na tabbata uban yana tsakar gida yana ji.